Tsohuwar Kwamfutar Fatawu

Jirgin ya sake faɗawa cikin gonar masara da hanci, allo ya yi ja wur, masu kallo suka ɗauki salati.

Malam Iddrisu ya zare tabaran daga fuskarsa, ya goge gumi da hankici. "Masa, kwamfutan nan naka ya tsufa," in ji shi, yana kiran mai shagon da "masa", wato maigida. "Ina juya shi dama, shi yana can yana tunani."

Fatawu, mai shagon, ya karɓi tabaran. Shagonsa na wasannin kwamfuta yana Kalpohin, tsakanin mai aski da mai gyaran babur, kuma duk unguwar shi kaɗai ke da irin tabaran nan da in ka ɗaura sai ka gan ka zaune a kujerar matuƙin jirgin sama, gajimare na wucewa ta gefen kunnenka. Kwamfutar kuwa ta sha hannu kafin ta iso Tamale. In aka kunna ta, ruri take kamar injin niƙa, har mai askin ya taɓa leƙowa da kwanon masara.

Amma tana tashi da jirgi, tana kuma saukar da shi. Masu yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, sun sauka lafiya. Wani mahauci ya sauka da hannu ɗaya yana amsa waya. Malam Iddrisu ne kaɗai bai taɓa kai tayarsa ƙasa ba.

Mutum ne mai kamala, kullum cikin farar riga mai guga da baƙin wando, har Fatawu ya yanke cewa ma'aikacin banki ne. Bayan la'asar yake zuwa, ba kowace rana ba. Tashi ba ya ba shi wahala ko kaɗan. Da zarar filin sauka ya bayyana, sai ya riƙa miƙa hannu sama yana lalubar iska, yana ba mutanen da babu su haƙuri. Ya faɗa rafi. Ya faɗa kan garken shanu. Ran nan ya wuce filin gaba ɗaya, ya ci gaba da tafiya arewa har mai ya ƙare masa a Burkina.

Kowace faɗuwa kuma, kwamfuta ce mai laifi.

Magana ta zaga unguwa cewa na'urar Fatawu kashe mutane take. Samari suka fara ɗaukar baburansu suna tafiya wani sabon shago a Jisonayili. Fatawu ya shiga neman magani. Ya kwance murfin kwamfutar, ya kafa mata fankar ɗakin kwanansu, matarsa Zuweira ta kwana tana fifita da kwali tana mita. Ya jera ledojin ruwan sanyi kewaye da ita kamar mai zazzaɓi. Ya rage kyan hoton har gajimare suka koma kamar curin tuwon zafi, bishiyoyi suka ɓace, Tamale ta zama fili fetal.

A wannan filin da babu ko dutse, Malam Iddrisu ya samo hasumiya ɗaya tak da ta rage, ya doke ta.

"Katin hoton da ke cikin kwamfutan ne ya gaji," ya ce, yana haki. "Sai ka je Ankara, babban birni, ka sayo sabo. Kada ka damu da mota. Zan sama maka kujera a jirgin ranar Alhamis, kyauta. A wajen aikinmu ba wani abu ba ne."

Bayan ya tafi, Fatawu ya ja ƙofa, ya ɗaura tabaran da kansa. Ya sauka lafiya. Ya ƙara ruwan sama da iska, ya sauka. Ya kashe inji ɗaya, ya rufe ido ɗaya, ya sauka sumul kamar an ajiye ƙwai a kan katifa. Ya daɗe yana shafa murfin kwamfutar, yana jin kunyar zargin da ya fara yi mata.

Washegari ya ja mutumin gefe, don kada yara su ji. "Malam, ka gafarce ni, ka girme ni. Na'urar nan lafiyarta ƙalau. Allah bai ba ka wannan abin ba ne kawai. Ka gwada wasan ƙwallo."

Malam Iddrisu ya sunkuyar da kai. "Haka wasu ma suke faɗa," ya ce a hankali. "Amma tikitin yana nan. Ka zo."

Fatawu bai taɓa shiga jirgin gaske ba, kuma kyauta kyauta ce. Ranar Alhamis ya sa sabuwar riga, Zuweira ta raka shi filin jirgi da addu'o'i da ƙullin soyayyen nama. Aka ba shi kujerar gaba, kusa da taga. Ya ɗaura bel, yana murmushi, yana ƙirga a ransa yadda zai ba mai aski labari.

Aka rufe ƙofa. Jirgi ya zabura, ya bar ƙasa cikin wata irin ƙwarewa da ta sa Fatawu ya gyaɗa kai, don ya san tashi mai kyau in ya gan shi. Rufin gidaje suka ƙanƙance, gajimare suka zo na gaske, ba curin tuwo ba.

Sai lasifika ta yi ƙara, aka yi gyaran murya, aka yi jawabi da Turanci, sannan aka juya harshe.

"Jama'a, barkanmu da tashi lafiya. Ni ne matuƙinku, Kyaftin Iddrisu. Masa Fatawu, in mun kusa Ankara, don Allah ka ɗan shigo nan gaba."