Taki Ɗaya Zuwa Dama

Ranar da hasbiya ta farko ta faɗo daga kan katangarmu, ni kaɗai na yi murna. Baba ya ajiye kofin shayinsa, ya dubi tsuntsuwar, ya dube ni.

Kawuna ne ya kawo mini tsarabar bindigar iska daga Djado. Baba bai so ba, amma ba ya iya mayar wa yayan matarsa kyauta. Duk hutun lakwal, da ba ma zuwa makaranta, ina harbi ina kuskure. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk inda na ajiye gwangwanin sardin, ramukan dalma a hagunsa suke taruwa jikin bango. Na gwada da hannuna: taki ɗaya, kullum. Sai na koma auna iska, taki ɗaya dama da abin da nake so.

"Kawo bindigar," in ji Baba, bayan ya yanka hasbiyar.

Ya shafa ɗan ƙarfen aunawa na bakin bindigar da yatsu ukun da harsashin 'yan fashi ya bar masa, lokacin yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, cikin sahara.

"Ina ka auna?"

"Gefenta, Baba. Bindigar tana ƙarya, amma ƙaryarta ɗaya ce."

Ya sake taɓa ɗan ƙarfen aunawar, ya ce:

"Ni na lanƙwasa shi da awartaki ranar da ta shigo gidan nan, don ka gaji ka jefar. Ashe harbi nake koya maka."