Ranar da Na Daina Cewa Lafiya Lau

Tun da aka soke layin zaɓe, waya ce ke jefa wa mutum ƙuri'a. Tana sauraron bakinka. In ta ji alamar ka gamsu, sai ta kawo koren haske, ƙuri'arka ta tafi ga masu mulki.

Ana gobe zaɓe na rantse ba mai jin "lafiya lau" a bakina. Mai shayi ya ce, "Malam Sallau, ya gida?"

Na ce, "Ba ruwa, ba wuta, ba magani!"

Ya kalle ni kamar na zage shi. Ban damu ba, wayata ta yi ja. So nake a canza su.

Daga nan na wuce ta'aziyya gidan Baba Tanko, wanda 'yarsa ta rasu wajen haihuwa a asibitin da babu likita. Na durƙusa, bakina ya riga ni: "Baba, ya haƙuri?"

Ya ce, "Da godiya, ɗana. Alhamdu lillahi."

Koren haske ya ɓullo daga aljihun rigarsa.

Na miƙe cike da takaici. Allah tsohon nan ya yi wa godiya, amma su suka karɓe.