Ƙofar da Ba Ta San Kunya Ba

Tun da aka kafa ƙofa mai karanta fuska a asibitin, makusantan majinyaci kawai take buɗe wa. Inna Tabawa ta zo duba ɗanta Ɗanjuma da aka yi wa tiyata. Ƙofar ta nuna mata hotonsa, Inna ta kawar da kai.

"Babu alamar shaƙuwa," in ji ƙofar.

Wata nas ta ce, "Inna, dube shi kawai ki yi murmushi."

"Ɗan farin nawa? A gaban jama'a? Shekara arba'in ban taɓa ba!"

Sau uku ƙofar tana ƙi. Inna ta ja tsaki, ta miƙa wa nas kwanon farfesu.

"'Yar nan, kai wa yaron can. Ya sha da zafinsa."