Damarka Hagunsa Ce

Ƙaramin jirgin sama na wasa ya juyo ya fuskanto dattijon. Ya danna rimot dama, jirgin ya karkata hagu, inda matarsa ke zaune kan benci.

Shekara talatin rabonsa da wannan wasa, sai da ya yi ritaya ya ciro jirgin daga kwali.

"Kauce!" ya daka mata tsawa.

Ko gezau ba ta yi ba.

Ya danna hagu. Jirgin ya gilma ta gefen kanta, ya faɗa ciyawa.

"Na manta," ya ce. "Mai fuskantarka, damarka hagunsa ce."

Ta gyara ɗankwalinta.

"Shekara arba'in ina fuskantarka, Maigida. Sai jirgin roba ne ya koya maka?"