Buhun Abincin Tarwada

Buhun ya sake raguwa. Sai da Taibatu ta zura hannu har gwiwa kafin ta dumtso abincin, ta watsa a tanki. Tarwada suka yi caa a kai, nan da nan suka lamushe, suka bar ta da bakuna a buɗe.

Tun da suka gudo daga Gidan Goga da kayan jikinsu, tankin nan ne kaɗai abin da babanta Giɗaɗo ya mallaka a Mafara. Malamin gona da ya kawo buhunan ya ce abincin na daban ne. An cuɗa shi da wani mai mai gina jiki da ƙwaƙwalwa, kifi ya ci, man ya zauna a namansa, yaro ya ci kifin ya murmure. Kakarsu, Inna Lantana, har sai da ta sa ya maimaita mata.

Don Fa'iz ake kiwon, ƙanen Taibatu, ƙafafu kamar tsinke, gashi ya yi ja. A asibiti an ce a riƙa ba shi kifi.

Kifi kuwa ya ƙi girma. Manya suka fara cinye ƙanana. Baba ya ce aikin Taibatu ce, garin gaggawar komawa kan littattafanta take ɓarnatar da abincin. Ta yi rantsuwa, ba wanda ya saurare ta. Ta zargi ɓeraye, ta zargi kajin maƙwabta, ta ƙulle bakin buhu tamau. Kullum ƙulli na nan, buhu na ramewa.

Fa'iz dai ya fara zama da kansa. Inna ta hana kowa dama masa kunu, wai hannunta kaɗai ya sani. In Taibatu ta goya shi ƙarni take ji, ta ɗauka hannuwanta ne.

Ran da suka kwashe matattun kifi, Baba bai yi faɗa ba. Ya zauna bakin tanki ya ce daga wannan buhun babu wani. Gara a ce dukanta ya yi. Ta ruga ɗakin Inna don ta yi kukanta.

Ta tarar da ita durƙushe gaban ƙaramin turmi, Fa'iz na jira da ƙoƙo a cinya.

"Ja ƙyauren, ɗiyata," in ji Inna, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kihin ga sai kaka za ya isa ci, yaron ga kau ba shi kai kaka." Ta juye dakakken abincin tarwada cikin kunun, ta ci gaba da damawa.