Malamar Ranar Asabar

Da sabuwar malamar ta shigo aji, faston da ke zaune cikin ɗalibai ya gane ta nan take. Da hannunsa ya yi mata baftisma a ƙauyensu da ke jihar Kentaki ta Amurka, kuma ubanta ne shugaban dattawan cocin.

Shekara ashirin da biyu jama'arsa suna ɗauka yana da digiri, bai taɓa gyara musu ba. Shi ya sa kowace Asabar yake tuƙin awa uku a ɓoye zuwa wannan kwalejin Baibul, inda ma'aikata ke ƙarasa karatu cikin wata goma sha takwas. Saura masa huɗu.

Har aka tashi hankalinsa ba ya kan darasi. Yana ta hango Lahadi, da idanun jama'a, da takardar sallama.

Ya tare ta a bakin ƙofa. "'Yata, don Allah kada babanki ya ji."

Ta yi dariya. "Haba, Fasto! Wa kake tsammani yake zuwa asibiti duba marasa lafiya a madadinka duk Asabar? Cewa ya yi in na kuskura na kayar da kai, kada in dawo masa gida."