Fuskar Mai Asibiti

Jami'in rajista ya dubi hoton katin shaidarta, ya dube ta, ya ture takardun gefe.

"Hajiya, mai asibitin ce za ta zo da kanta."

"Ai ni ce."

"Wannan hancin ba shi ne a kati ba. Haɓar ma haka."

Asibitin gyaran fuska gare ta, kuma kowane sabon aiki a kanta ake fara gwada shi. Ga shi yau wa'adin rajista zai cika, gobe hukuma ta garƙame mata ƙofa. Ta so ta ɗaure fuska, allurar goshi ta hana.

"Kawo wanda ya san ki," in ji jami'in.

Ta aika aka ɗauko mahaifiyarta. Tsohuwar ta gyara tabarau, ta daɗe tana ƙare mata kallo.

"Inna, ni ce fa!"

"Murya ai ana kwaikwayonta. Cire takalmi."

Ta cire, mutanen layi suna leƙe. Tsohuwar ta sunkuya ta duba, sannan ta miƙe a hankali.

"Rubuta, ɗana, 'yata ce. Yatsun ubanta ne, Allah ya jiƙansa. Su kaɗai ta bar mana."